Kafin Ka Sa Sabon Tiyub, Nemo Ƙayar

Ɗana, jiya da la'asar ina zaune a dakalin ƙofar gida na hango ka tafe kana turo kekenka, ƙafar baya ta sace, ranka a ɓace. Bayan ka gaishe ni ka ce wannan ne karo na uku cikin mako guda, kuma kowane karo sabon tiyub ka saya. Ka ce kayan zamani ba su da ƙarko. Ban musa maka ba, domin gaskiya akwai na banza a kasuwa. Amma da ka shiga cikin gida sai na jawo keken, na ɓalle gefen tayar, na zura yatsa ina shafawa a hankali. Ban kai rabi ba na ji ta. 'Yar ƙayar tsidau ce, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ta nutse cikin robar, tsininta kaɗai ya leƙo ta ciki. Ita ce ta cinye maka tiyub 3, kuma da ka sayo na huɗu, da shi ma ta huda shi.

Na naɗe maka ita a 'yar takarda na ajiye. Na kuma ga ya dace in rubuta abin da na sani game da wannan ɗan aiki, domin kai da tsararrakinka maza da mata masu hawa keke zuwa makaranta, ko gona, ko kasuwa. Canjin tiyub ba wani dogon karatu ba ne, yaro ɗan shekara 12 zai iya koyonsa a yini guda. Sai dai a cikinsa akwai wata tarbiyya da na ga manya da dama sun rasa, wato mutum ya tsaya ya gano abin da ya jawo ɓarna kafin ya yi hanzarin rufe ta.

Ni ma a hanya na koya. Ina ɗan shekara 17 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ɗora mini rabin buhun gyaɗa a kariyar Rali ɗinsa, ya ce in kai kasuwar Wudil, ranar Juma'a ce. Don in rage tafiya sai na bar babbar hanya na ratsa ta wani burtali. Ban yi nisa ba na ji bayan keken yana dukan ƙasa. Na sauka na ga taya ta kwanta. Akwai sabon tiyub da mahaifina ke ajiyewa a 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi. Na sauke kaya, na kwance ƙafar, na zare tsohon na wurgar, na zura sabon, na buga iska, duk hankalina yana kan kada kasuwa ta cika ban isa ba. Ban wuce gonaki biyu ba tayar ta sake kwantawa. Babu wani tiyub kuma, babu sholisho, ga rana ta take, ga rairayi, ga kaya. Haka na yi ta turawa, gumi yana shiga idona, har na iso wani ƙauye na tarar da wani dattijo mai faci a gindin tsamiya.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, tiyub ɗin nan sabo ne dal, amma ya yaudare ni.” Ya dube ni ya ce, “Samari, ka tambayi tayar abin da ya same ta?” Ban gane ba. Sai ya cire tayar gaba ɗaya, ya ɗauki wani ɗan tsumma ya zagaya da shi ta ciki. A wani wuri tsumman ya sarƙe. Ya juya tayar, ya matse wurin da yatsu biyu, ya sa tsinin allura ya zaƙulo karyayyen bakin ƙayar aduwa. Ya kama hannuna ya buɗe tafin, ya ɗora mini ita ya ce, “Riƙe wannan ka kai wa babanka. Tiyub bai yi maka laifi ba.” Ya yi mini faci, ya karɓi ɗan abin da ya sauwaƙa. Na isa Wudil kasuwa ta fara watsewa, na sayar da gyaɗar a wulaƙance. Da na dawo na miƙa wa mahaifina kuɗin da ƙayar, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Ribar gyaɗa ta tafi, amma ka sayo abin da ya fi ta.” Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Tun daga ranar ban sake sa tiyub a taya ba sai na shafa cikinta.

Ina so ka san darajar abin da ke hannunka. A da kekuna da sandararriyar roba suke tafiya, wasu ma da ƙarfe, duk dutsen da aka taka sai mahayi ya ji shi har ƙashin bayansa. A shekarar 1887 wani likitan dabbobi ɗan Sikotlan mai suna John Boyd Dunlop, yana zaune a birnin Belfast, ya ga wahalar da ɗansa ke sha a kan ɗan kekensa mai ƙafa uku, sai ya haɗa masa taya mai iska a ciki. Tausayin uba ga ɗa ne ya fito da abin sarari, ko da yake wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga shi yin rajistar irin wannan dabara tun 1845, ba ta dai yaɗu ba a lokacin. Tayoyin farko manne su ake yi a jikin wili, idan suka huje gyaransu sai ya ci sa'o'i. A 1891 ne wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a mayar, kuma a wannan shekarar Charles Terront ya lashe tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,200, a kan irin tayarsu. Ka ga aikin da yau za ka gama a gefen hanya kafin shayi ya huce, wasu sun ɓata shekaru kafin su sauƙaƙa maka shi. Abin da aka sha wuya a kansa haka bai cancanci a yi shi da ganganci ba.

To, ga yadda ake yi. Da zarar ka ji taya ta yi laushi, sauka. Kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa. Duk takun da ka yi a kan tayar da ta sace, bakin rim yana tauna tiyub, yana yanka gefen taya, shi kansa rim ɗin yana lanƙwashewa. Hujin da faci ɗaya zai rufe sai ya koma asarar ƙafa sukutum. Ka kauce daga kan titi, ka nemi inuwa da wuri mai tauri wanda ba rairayi. Kayan aikin ba su da yawa: liba biyu ko uku ta ɓalle taya, sifana mai lamba 15 wadda ita ce ke kama notin ƙafar yawancin kekunanmu, famfo, tiyub na ajiya, sholisho da 'yan faci, ɗan samfefa, da tsumma. Duka za su shiga 'yar jaka guda. Ka tanade su tun kana gida, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kifa keken ya tsaya a kan sirdi da hannuwansa, ka shimfiɗa tsumma ko kwali a ƙasa don kada sirdi ya kurje. Idan faci kawai za ka yi, ba sai ka cire ƙafa ba, kana iya zaro tiyub ta gefe. Amma canji sai an cire. Fara da sassauta birki domin taya ta sami hanyar fita. Ƙafar gaba ba ta da wuya, noti biyu ne. Ta baya ce mai son natsuwa, musamman a manyan kekunan nan irin Rali da Phoenix da Hero, inda ƙarfen kariya da na madogari da abin ɗaure sarƙa duk suke haɗuwa a wuri guda. Kafin ka taɓa komai, tsaya ka kalli yadda aka jera su. Duk abin da ka kwance, noti ne ko washa, ka jera shi a kan tsumma bi da bi, na dama a dama, na hagu a hagu. Washa guda idan ta faɗa cikin ƙasa za ta iya cinye maka rabin yini. Idan kekenka mai giya ne, mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori na ƙarshe kafin ka kife shi, ƙafar za ta fita cikin sauƙi.

Daga nan sai ka saki sauran iskar, ka kwance ɗan notin da ke riƙe bawul a jikin rim. Ka bi tayar kana matsa gefunanta biyu zuwa tsakiyar rim, inda yake da zurfi. Wannan matsawar ita ce sirrin aikin, domin ita ke ba taya sararin da za ta haura baki ba tare da kokawa ba. Sa liba a ɓangaren da ke nesa da bawul, ka ɗaga gefe ɗaya, ka sa ta biyu kamar faɗin tafin hannu daga ta farko, sannan ka zagaya. Gefe ɗaya kawai kake buƙatar fitarwa. Ina roƙonka kada ka sa sukundireba ko wuƙa. Na ga tiyub masu yawa da ƙaya ta yi musu huji ɗaya, mai gyara ya ƙara musu biyu. Idan babu liba, bayan cokali mai santsi ya fi duk wani abu mai kaifi.

Yanzu ka zaro tiyub ɗin, amma kada ka jefar da shi kamar yadda na yi a burtali. Shi ne shaidarka, shi zai gaya maka abin da ya faru. Ka lura da yadda yake kwance a cikin tayar, kada ka juya shi. Buga masa iska ya ɗan kumbura, ka kai shi kusa da kunnenka kana zagayawa. Idan ba ka ji ba, kai shi kusa da leɓenka, domin leɓe yana jin iskar da kunne ba ya ji. Idan har yanzu shiru, nemo ruwa a daro ka riƙa nutsa shi kashi-kashi, inda ƙananan kumfa suka jeru suna tasowa, nan ne. Yi wa wurin alama da alli ko biro.

A nan nake so ka fi daɗewa, domin kowane huji da labarinsa. Idan ɗan ƙaramin huji ne guda a bayan tiyub, ɓangaren da ke fuskantar ƙasa, to ƙaya ce, ko ƙusa, ko kwalba, ko 'yar waya, kuma mai yiwuwa tana nan a cikin taya tana jiran na gaba. Idan 'yan tsaguwa biyu ne a jere kamar saran maciji, babu ruwan ƙaya. Iska ce ta yi ƙaranci, ka faɗa rami ko ka hau dutse da kaya, bakin rim ya matse tiyub ya cije shi. Maganin wannan famfo ne da sassauta gudu a wurin gargada. Idan hujin yana ta ciki, ɓangaren da ke kwance a kan rim, duba robar da aka shimfiɗa ta rufe kawunan wayoyin wili. Ko dai ta goce, ko ta tsinke, ko wata waya ta yi tsawo ta leƙo. Sai an gyara shimfiɗar, ko an goge kan wayar, in ba haka ba ko tiyub 10 ka sa duk hanya ɗaya za su bi. Idan a gindin bawul ya yage, alama ce an daɗe ana hawa da taya mai laushi, tana zamewa tana jan tiyub har wuyan bawul ya gaji. Idan kuwa fashewa ya yi da ƙara, ya bar doguwar yaga, to ko an matse shi a ƙarƙashin bakin taya lokacin sawa, ko tayar ce ta tsufa ta tsage har ya leƙo waje. In tayar ce, sai haƙuri, ita ma a canza ta. Wani lokaci kuma za ka nutsa tiyub kaf ba ka ga kumfa ba. Sai ka ɗan shafa yawu a bakin bawul. Idan ya yi ƙwai ya fashe, matsalar a nan take, kuma a irin bawul ɗin tsofaffin kekunanmu sau da yawa 'yar siririyar robar da ke cikinsa ce ta ruɓe, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Da ka gane irin hujin, sai ka ɗora tiyub a kan tayar, bawul daidai ramin bawul, ka ga inda alamarka ta faɗa. A nan za ka fara nema. Fara zagayawa da tsumma kamar yadda dattijon nan ya yi, domin idan kwalba ce gara ta kama tsumma da ta yanke ka. Bayan haka sai yatsu, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Wata ƙayar ba ta fitowa sai an matse tayar an lanƙwasa ta, don haka ka duba ta waje ma, ka buɗa duk wata 'yar tsaga da ka gani. Kuma idan ka sami ɗaya kada ka ce shi ke nan. Wanda ya ratsa ta cikin tsidau da wuya ya fito da ƙaya guda. Zagaya har ka dawo inda ka faro, sannan ka zazzage ƙasa da tsakuwar da suka taru a ciki, don su ma a hankali suke cin tiyub. Wannan duka bai fi minti 5 ba, kuma shi ne minti 5 ɗin da ka tsallake har sau uku a makon nan.

Sai tambayar da kowa ke yi: a yi faci ko a sa sabo? Kada ka raina faci. Wanda aka yi da kyau yakan zauna har tiyub ya ƙare rayuwarsa. Ka goge wurin da samfefa ya yi kaushi, faɗin gogewar ya ɗan fi facin. Shafa sholisho siriri, ba lafta shi ake yi ba, sannan ka jira ya sha iska har ya daina ƙyalli, kamar minti 5. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa, suna manna faci a kan ɗanyen sholisho, gobe ya ɓalle su ce kayan ne ba kyau. Idan ya bushe ka ɗora facin ka danne sosai daga tsakiya zuwa gefe. Amma akwai inda faci ba ya magani: yagewar gindin bawul, doguwar tsaga, huji a gefen tsohon faci, da tiyub ɗin da ya tsufa har idan ka ja shi kana ganin 'yan tsage-tsage a jikinsa. A irin wannan, sayen sabo shi ne tattali.

Idan za ka saya, kada ka je ka ce a ba ka tiyub ɗin keke kawai. Karanta lambar da ke gefen tayarka, ko ka rubuta ta a takarda ka tafi da ita. Manyan kekunan da muka tashi da su yawanci 28 x 1½ ne, kuma kusa da wannan za ka iya ganin 40-635, wato faɗin tayar milimita 40, faɗin da'irar rim kuma milimita 635. Kekunan hawan tudu da samari ke so yanzu da yawansu 26 ne, lambarsu ta ƙarshe 559. Na tsere masu siraran ƙafafu kuma 622. Ka kiyaye, akwai tayar da aka rubuta mata 28 amma 622 ce, ba 635 ba, shi ya sa lambar nan ta milimita ta fi zama abin dogaro. Tiyub ɗin da ya yi girma zai naɗe a ciki, wurin naɗin ya goge ya huje. Wanda ya yi ƙaranci kuma zai miƙe fiye da ƙima ya yi siriri. Duba bawul ma, iri uku ne: mai kauri irin na mota da babur wanda ake kira Schrader, siriri mai ɗan noti a ka wanda ake kira Presta, da irin na tsofaffin kekuna mai ɗauke da sunan Dunlop. Ka sayi wanda ya dace da ramin rim ɗinka da bakin famfonka. Kuma ka riƙe shi a hannu ka ji kaurinsa, ka duba gindin bawul ko ya mannu da kyau. Araha ba ta ado.

Wajen sawa, fara ba sabon tiyub 'yar iska kaɗan, daidai yadda zai yi siffar zobe. Wanda aka sa babu iska yakan murɗe ko ya shiga ƙarƙashin bakin taya. Idan da hoda a kusa ka ɗan shafa masa, tana taimaka masa ya kwanta lafiya. Zura bawul a raminsa ya tsaya cak, kada ya karkace, sannan ka bi kana cusa sauran cikin taya. Mayar da gefen tayar da hannu, ka faro daga wurin bawul, hannu ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, su haɗu a ɗaya ɓangaren. Ka ɗan tura bawul ciki don kaurin gindinsa ya shige cikin taya, kada bakinta ya hau kansa. Ɗan ƙarshen nan shi ne mai taurin kai, kuma a nan zuciya za ta ce maka ɗauko liba ka gama. Daure. Rage iskar, ka sake matsa gefunan taya zuwa tsakiyar rim tun daga wurin bawul har zuwa inda ka tsaya, sannan ka tura da manyan yatsunka ko da gindin tafin hannu. Za ta shiga. Sai ka zagaya gefe biyu kana leƙawa, ka tabbata babu inda tiyub ya leƙo. Buga rabin iska, juya ƙafar ka ga ko tayar ta zauna daidai ko'ina, sannan ka cika. Iyakar iskar da taya ke ɗauka a rubuce take a gefenta. Notin bawul kuma da yatsa ake ɗaure shi, ba da filaya ba.

Mayar da ƙafar yadda ka same ta, kana ɗauko abubuwan da ka jera a tsumma daga na ƙarshe zuwa na farko. Ka tabbata tana tsakiya, ba ta gogar kowane gefe. Sarƙa kada ta yi tauri, kada kuma ta yi lako-lako, idan ka danna tsakiyarta ta motsa kamar faɗin yatsa guda. Ɗaure notunan a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su kama. Sannan abin da ba na so ka manta ko da za ka manta da duk sauran: mayar da birki, ka matsa shi ka ga ya kama kafin ka ɗora ƙafarka a feda. Wanda ya manta ƙaya tiyub zai rasa. Wanda ya manta birki, abin da zai rasa ba a sayar da shi a kasuwa.

Bayan haka sai kulawa ta yau da kullum, domin rigakafi ya fi magani. Kowace safiya ka danna tayoyinka da babban yatsa. Tiyub ko lafiyayye ne yana rage iska a hankali, haka halittar robar take. Kada ka bar keke a tsakiyar ranar bazara, zafi yana kumbura iskar ciki, yana kuma tsofar da roba. In ka ratsa ta cikin ciyawa ko burtali, tsaya ka cire abin da ya maƙale kafin ya nutse. Tsohon tiyub kuwa kada ka ƙone shi, hayaƙinsa cuta ne. Yanka shi ka sami robar ɗaure kaya a kariya, ko shimfiɗar rim, ko abin ɗaure tiyo. Ka ga gugar da ake jan ruwa da ita a rijiyoyinmu, da yawanta daga tsohon tiyub ɗin mota aka yi ta. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa abin da ya gama aiki ɗaya yana iya fara wani.

Kuma don ka iya wannan aiki, kada ka ɗaga wa masu faci kai. Mutumin nan da ke zaune a gindin darbejiya da daron ruwa da famfo da hannu baƙi ƙirin, da wannan yake ciyar da iyalinsa da halal, kuma ya san abubuwan da ni da kai ba mu sani ba. Idan ka kai masa aiki ka gaishe shi da ladabi, ka tsuguna kusa da shi ka kalli hannunsa, ka yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. In ya gama ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni dai har yau ina yi wa dattijon nan na gindin tsamiya addu'a.

Ɗana, na daɗe a duniya, na ga wannan ƙaya a wurare da yawa da ba cikin taya ba. Na ga saurayin da ya bar shagon ubangida uku a shekara guda, kowanne ya ce mugu ne, alhali makarar safiya ce ke bin sa duk inda ya je. Na ga ɗan kasuwar da jarinsa ya karye aka tara masa wani, ya sake karyewa, domin bai taɓa zama ya raba kuɗin shago da na aljihunsa ba. Na ga masu auri-saki, gida bayan gida, saurin fushi da kaifin harshe suna nan inda suke. Sabon tiyub, tsohuwar ƙaya. Ban ce kullum laifin naka ne ba. Akwai ubangida azzalumi, akwai tiyub na banza, akwai ƙaddarar da ba makawa. Amma ba ka da ikon ɗora laifi a kan wani sai bayan ka zura hannu ka shafa naka ɓangaren tun daga farko har ƙarshe. Wani lokaci abin zai soke ka a yatsa, ka ji zafi. Gara wannan ɗan zafin da dogon turin keke a cikin rana.

Kekenka yana zaure, na bar tayar a buɗe yadda take. Ban ƙarasa maka ba da gangan, don na cire ƙaya guda ne kawai, ban zagaya sauran rabin ba. Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar la'asar, ka zo da sifana da tiyub ɗin nan uku da ka ce sun mutu. Ina kyautata zaton dukansu faci ɗai-ɗai suke buƙata. Ni zan zauna a dakali ina kallo, hannunka ne zai yi aikin. Allah ya yi maka albarka, ya kiyaye hanya, ya sa ka fi mu.